Likitocin ido na mishan za su sake zuwa Zuru: ku da kuka taɓa kai naku, me kuka gani?

Autan Baba, Mahuta

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma daga bakin wanda ya je da ƙafarsa. Shekara biyu ke nan da yana, wato farin nan da ke rufe ƙwayar ido, ta rufe wa mahaifinmu gani. Na dama ya tafi gaba ɗaya, ko hannu ka kaɗa masa sai dai ya ce ya ga inuwa. Da na hagun yake lallaɓawa zuwa masallaci, jikansa na riƙe masa da sanda. Ranar kasuwa aka yi shela cewa wasu likitoci Kiristoci daga Amurka za su sauka Zuru bayan kaka, kwana 10, su duba ido su yi aiki kyauta. Baba ya ce a kai shi. Babban yayanmu ya ce sam, ruwa ba ya tsami banza, wa'azi za su ɗura wa tsoho. Ni kuwa damuwata daban ce: in suka hau jirginsu suka tafi, idon ya tashi, wa za mu kama?

Tafinta, Dabai

Auta, sannu da ɗawainiya. Ni Kirista ne, kuma ni na yi musu tafinta a zuwansu na baya, tsakanin Turanci da Hausa da Dakarci. Bari in fara da maganar yayanku. In na ce maka ba su da niyyar bishara na yi ƙarya, don ita ce ta sa majami'unsu suka tara musu kuɗin jirgi. Kowace safiya akwai waƙa da addu'a, Fasto ya yi ɗan karatu, duka bai wuce minti 15 ba. Wanda ya so ya saurara, wanda bai so ba ya ci gaba da hirarsa a kan tabarma. A katin da na riƙa cikewa babu gurbin addini, kuma ban ga an tsallake kowa a layi don wannan ba. Akwai wata yarinya cikinsu mai tambayar kowa ko ta yi masa addu'a. Wani malami daga Wasagu ya ce in faɗa mata ya gode, kowa ya yi tasa. Ta ce to, ta ɗiga masa maganinsa.

Ku zo tun daren jajibere, don kafin a yi sallar asuba kati ya kusa ƙarewa. Teburin farko awon jini da sukari ne, wanda nasa ya hau sai ya jira. Daga nan sai allon gwaji, mai wani harafi mai ƙafa uku kamar manjagara, ka nuna da hannu inda ƙafafun suka kalla. Ba ruwansa da iya boko. Sai a ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido, likita ya haska ciki, a raba mutane kashi uku: 'yan tabarau, 'yan aiki, da waɗanda ba abin da za a iya yi musu.

Kashi na ukun nan shi ya hana ni barci. Baturiya takan yi doguwar magana mai laushi, ni kuma sai in juyar da ita da laushinta. Na gama yi wa wani dattijo bayani tsaf, sai ya gyara hula ya ce, "To madalla ɗana, yaushe zan dawo a yi aikin?" A ranar na daina kwana-kwana. Na riƙa cewa, "Baba, jijiyar ce ta mutu, ba yana ba ce, wuƙa ba za ta taɓa ta ba. Kada ka sayar da saniya a kan wannan idon."

Na kuma ga abin dariya. Washegarin aiki ake cire bandeji. Wani tsoho da ya yi shekara huɗu a duhu, ana cirewa ya ƙifta ya ƙifta, ya laluba aljihu zai ba jikansa kuɗin ƙosai. Ya zaro sabuwar dubu ɗaya, irin wadda aka sake wa launi a ƙarshen 2022, ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga murya: "Wane ɗan banzan ne ya rina mini kuɗi da shuni?" Har likitan sai da ya ajiye tocila ya tambaye ni me aka ce.

Maman 'Yan Biyu, Ribah

Surukata na kai, kuma alhamdu lillahi har yau ita ke tsince mana shinkafa. Aikin kansa ba wani abu ba ne. Allura aka yi mata a gefen ido, ba a sa ta barci ba, kafin in idar da sallar azahar an fito da ita. Wuyar tana gida. An ce kada ruwa ya shiga, kada ta duƙa, kada ta zauna a hayaƙi. Inna kuwa ba ta yarda wani ya iya tuƙa tuwo ba in ba ita ba. Sai da na riƙa kulle madafa ina sa makulli a ƙugu.

Inda muka fi kai ruwa rana shi ne sujada. Ta ce ita ba za ta yi wa Allah sallar malalata ba don Bature ya ce. Maigida ya ɗauko limamin unguwa, ya zauna ya yi mata bayanin sallar mara lafiya, a zaune, da ishara, sannan ta sauko. Auta, tun yanzu ka nemi wanda Baba ke jin maganarsa, don ba taka zai ji ba.

Tela, Tashar Zuru

Ni tabarau na samu, mai lamba +2.00. Shekara uku yaron shago ke zura mini zare a allura yana yi mini kallon tsoho. Yanzu na sallami raini. Sai dai nawa ya karye a wata na biyar, na sayi irinsa a kasuwa da lambar da suka rubuta mini. Ku adana takardar nan.

Ɗiyar Manomi, Dirin Daji

Ban so in yi magana ba, amma tunda gaskiya aka nema, ga tawa. Babana an yi masa aiki ana gobe za su tashi. Da safe aka cire bandeji, ya gan ni, ya ce ɗiyata kin rame. Muka yi kuka, muka yi godiya, aka ba mu kwalba biyu da takarda da Turanci, muka hau babur cikin ƙurar hunturu.

Kwana uku lafiya lau. A daren na huɗu ya tashe mu, ya ce kamar ana soka masa tsinke har cikin kai. Ido ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da ruwa mai kauri, ganin da ya samu ya fara dushewa. Akwai lambar waya a ƙasan takardar. Na kira ta fi sau 20, a kashe. Ashe layin da suka saya ne na zaman kwana goman. Mai kemis ya ba mu wani maganin ɗigawa ya ce ciwon ido ne na iska. Muka ƙara kwana biyu muna neman kuɗin mota, ga hanya ba a binta in rana ta yi sanyi saboda mutanen daji. Da muka isa babban asibiti a Sakkwato, likita ya duba ya ce ƙwayar cuta ta riga ta cinye cikin idon, da a ranar farko muka zo da an gwada.

Ba na zagin hannun da ya yi aikin, na ga mutane da yawa sun warke a wurin. Abin da ke ci mini rai shi ne ba wanda ya zaunar da ni ya ce, in kin ga kaza da kaza, ki bar komai ki nufi wuri kaza. Yanzu ɗayan idon ma yanar ta kama shi, kuma ko sunan asibiti ba ya son ji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Tsohon Soja, Sabon Garin Zuru

Allah ya ba Baba haƙuri, 'yata. Nawa laifin rabi nawa ne. An auna ni aka ce hawan jinin ido ne, aka ba ni kwalba uku na timolol, safe da yamma. Na ɗiga har suka ƙare, na ce to an gama kos, kamar maganin zazzaɓi. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, me zai sa in saya? Bayan shekara ɗaya da rabi na fara karo da ƙofa ta gefe. Yanzu gani nake kamar mai leƙe ta bakin bindiga.

Nas ɗin Ido, Birnin Kebbi

Yallaɓai, don Allah kada ka sake barin maganin ko na kwana ɗaya. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma wanda ya rage ana iya tsare shi. Hawan jinin ido ba ciwon kwana 10 ba ne, na har abada ne, shi ya sa ba ya jituwa da baƙon likita. Mai asma kuma kada ya ari timolol a hannun wani, yana toshe numfashi.

Auta, yadda ka kwatanta na Baba ya yi kama da yana, ita kuwa tana cikin masu sauƙi. A binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007, cikin mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama kusan 4 makafi ne, kuma kashi 43 cikin 100 na makantar yana ce ta jawo. Wato dubban tsofaffinmu na zaune a zaure ne a kan abin da aikin ƙasa da awa ɗaya ke cirewa. Ana fitar da ƙwayar da ta yi fari, a saka ta roba mai haske a gurbinta. Wannan ya bambanta da na masu yawo ƙauye-ƙauye suna ture yanar cikin ido da tsinke. Mutum ya ga haske kwana biyu, daga baya idon ya lalace. Muna ganin waɗanda aka yi wa haka kullum, kuma galibi sai an ci musu tunkiya tukuna.

Ni Musulma ce, amma ba ni da ƙorafi a kan mishan da ido. Asibitin ido na ECWA da ke Kano mishan suka kafa shi tun 1943, kuma kakanninmu har daga Gwandu da Argungu can suke zuwa. Abin da ya ba shi suna shi ne yana nan, in ka koma za ka tarar da mutum. Saboda haka kafin Baba ya kwanta a gadon kowa, ka tambaya: wane ma'aikacin ido ɗan ƙasa ne zai duba shi bayan mako ɗaya da bayan mako shida, kuma a ina? Ka karɓi lambarsa, ka kira ta a gabansu ka ji ta shiga. Ka nemi a yi aikin a kwanakin farko, ba na ƙarshe ba. Ka ware kuɗin motar Birnin Kebbi ko Sakkwato ka ɓoye, ko ba za a taɓa shi ba.

Alama uku ba a kwana da su bayan aiki: ciwo mai ƙaruwa, ja mai ƙaruwa, gani mai raguwa. Ba sa nono, ruwan sukari ko kwalli a idon, ba zuwa wurin mai kemis. Maganin ɗigawar da za su ba ku kuma yana da wa'adi, ɗaya daga ciki in aka zarce da shi watanni shi kansa yana tayar da hawan jinin ido. In kuma bayan shekara ɗaya ko biyu gani ya sake yin hazo a hankali ba ciwo, ba yanar ce ta dawo ba, fatar da ke bayan robar ce ta yi duhu, ana share ta da hasken leza a manyan asibitocin ido irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Dattijon Majami'a, Zuru

Ɗiyata ta Dirin Daji, ina cikin waɗanda suka karɓi baƙin nan wancan karon, kuma sai yau na ji labarin mahaifinki. Kunya ta kama ni. Mu muka san hanyoyinmu da nisan ƙauyukanmu, baƙo bai sani ba, mu ya kamata mu faɗa musu. Mun shagala da lissafin mutum nawa aka yi wa aiki don a karanta ranar Lahadi. Ki gai da Baba, ki ce wani tsoho ɗan'uwansa na neman gafara. Maganar Malama Nas zan kai ta zaman kwamiti yadda take: takarda da Hausa, lambar ɗan gari, kuma a rufe aiki da sauran kwanaki kafin su tashi. Ban yi alkawarin za a karɓa duka ba, amma za a ji ni.

Ɗiyar Manomi, Dirin Daji

Na gode Baba. Zan faɗa masa. In da hali a sa har da Dakarci, ko a karanta wa mutane da baki, yawancin tsofaffinmu ba sa karatu.

Autan Baba, Mahuta

Jama'a, ga yadda aka ƙare. Na karanta wa Yaya maganganunku duka, ya yi shiru, sannan ya ce shi zai kai Baba da kansa ya gani. Rana ta biyu aka yi aikin, idon dama. Na kira lambar da aka ba mu a gaban teburin, wani ma'aikacin ido ɗan Zuru ya ɗauka daga ɗaki na gaba, har ya leƙo yana dariya. Jiya muka koma duban mako ɗaya, ya ce ƙalau, mu dawo bayan mako biyar.

Matsalar yanzu dawa ce. Ana sussuka a bayan gida, Baba kuma ya ce shekara biyu ana cutarsa a awo, bana da idonsa za a auna. Na ce ƙaiƙayi zai shiga, ya ce zai tsaya ta inda iska ba ta bi. Malama Nas, in ya sa baƙin tabaran da suka ba shi ya zauna nesa a kan kujera, zai yiwu, ko in ɓoye masa takalma?