Neman shawara: ta yaya zan gane ranar da aka ƙera wannan Mustang daga lambarta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi tsohuwar Ford Mustang, takardunta sun ce 1965. Lambar shasinta, wato VIN, ta fara da 5F07C3, sauran biyar ɗin na ɓoye su. A ɗan farantin ƙarfen da ke jikin ƙofar direba kuma, wajen da aka tanada don kwanan wata, an buga 15K. Wani ya ce mini wai K ɗin nan 1964 take nufi, tun jiya raina bai kwanta ba. An yi mini rufa-rufa ne? Kuma akwai hanyar da zan bi in san takamaimiyar ranar da ta fito daga masana'anta? So nake in gyara ta da kayan da suka dace da lokacinta.

Mai son tsofaffin motoci: Wa alaikumus salam. Ƙirga zuwa harafi na goma a lambar, shi ne shekara. Shi ke nan.

Tsohon bakanike: A'a ɗana, ka yi sauri. Wannan dokar ta harafi na goma ta lambobi masu gurbi 17 ce, kuma sai a motocin 1981 aka wajabta ta a Amurka. Kafin nan kowane kamfani da irin tsarinsa. Tasa gurbi 11 ne kawai, in ya ƙirga zuwa na goma lambar jeri zai tarar, ba shekara ba.

Malam mai tambaya, kwantar da hankalinka, ga yadda ake karanta taka. 5 ita ce shekarar samfuri, 1965. F masana'antar Dearborn ce a jihar Michigan. Da R ce da San Jose ke nan, da T ce da Metuchen. 07 mai rufin ƙarfe ce, 08 mai buɗaɗɗen sama, 09 mai gangaren baya. C inji ne V8 mai girman inci-kubik 289. Shida na ƙarshe lambar jeri ce, wadda ake farawa daga 100001.

Batun K kuwa, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, kuma mai sayarwa ma bai cuce ka ba. Ford tana ba watanni haruffa: A Janairu, B Fabrairu, haka har M Disamba, ana tsallake I don kada ta rikice da 1. K ke nan Oktoba. Ita Mustang ta 1965 shekararta ta yi tsawo ƙwarai, an fara ƙera ta tun Maris 1964, aka nuna ta ga jama'a ranar 17 ga Afrilu 1964, aka ci gaba har cikin 1965. Watannin da suka sake zagayowa a shekara ta biyu sai aka ba su wasu haruffan. Saboda haka 15K na nufin 15 ga Oktoba 1964, kuma duk da haka motar 1965 ce halal malak. Shekarar samfuri daban, shekarar kalanda daban.

Mai tambaya: Alhamdu lillahi, Baba, ka sauke mini dutse daga ƙirji. To ke nan in rubuta 15 ga Oktoba a matsayin ranar haihuwarta?

Tsohon bakanike: Rubuta da fensir. Ranar da ke kan farantin ita ce wadda aka tsara za a haɗa motar, ba lallai ranar da ta sauko daga layi ba. Kaya kan makara, layi kan tsaya, sai mota ta riga ranarta ko ta biyo baya da 'yan kwanaki. Lambar jerin ma haka take: tun a ofis ake ba ta, lokacin da aka karɓi oda, kuma ba bi da bi ake haɗa motocin ba. Mota mai ƙaramar lamba tana iya fitowa bayan mai babba.

Kuma kafin komai, ƙofa abar cirewa ce. Na sha ganin mota da ƙofar wata. Ɗaga bonet ka duba saman ƙarfen ciki na gefen direba, kusa da bakin madigadi, akwai lambar da aka buga a jikin motar kanta. In ta yi daidai da ta ƙofa, sannan ka yarda da farantin.

Mai tara takardu: Ƙari a kan na Baba. Masu irin motar nan sun daɗe suna tattara lambobi da kwanakin farantin juna. Ka nemi motocin Dearborn guda biyu, ɗaya lambarta ƙasa da taka kaɗan, ɗaya sama, ka ga ko ranarka ta faɗo tsakaninsu. Kada dai ka haɗa da na San Jose, kowace masana'anta jerinta take ja. Abin haushin shi ne rahoton Marti, wato takardar da ke nuna ranar da aka ƙera mota, wanda ake ciro shi daga bayanan Ford, daga motocin 1967 ya fara. Da Volkswagen ce ko motar Ingila irin MG da ka aika an ba ka takardar shaida daga kundin masana'anta. Ta motocin Ingila, gidan tarihin motoci da ke Gaydon a can ƙasar ne ke bayarwa.

Mai son tsofaffin motoci: Na karɓi gyara, Baba. Ni duk na ɗauka tsari ɗaya ne tun fil azal.

Tsohon bakanike: Ba komai. Malam, in kana son shaida ta uku, inji za ka tambaya. Kwance kik, ka goge wajen da burushin waya, ka haska tocila. Za ka ga ranar da aka zuba ƙarfen bulok ɗin: lamba ɗaya ta shekara, harafin wata, sai rana. 4J28 misali, 28 ga Satumba 1964 ke nan. Dole ta riga ranar motar, yawanci da 'yan makonni. Gilasan ma suna da nasu alamomin a kusurwa.

Mai tambaya: Na dawo, hannuna duk baƙin mai. Lambar cikin bonet ta yi daidai da ta ƙofa, harafi da harafi. Amma a jikin bulok 5E11 na gani, na goge har sau uku.

Tsohon bakanike: 11 ga Mayu 1965. Wata bakwai bayan motar. Jiki da ƙofa nata ne, injin kuwa wani ya sauya shi a hanya. Kayan jiki ka saya na ƙarshen 1964, na inji kuma ka tafi da wannan lambar wajen saye. Turo mini hoton kan silinda, shi ma akwai rana a ƙarƙashin murfin bawul.