Masu kallon The Office, wai wane ne wane a ofis ɗin nan, in ci gaba ko in goge?

Ɗan_Samaru:
Salam jama'a. Dan Allah ku taimaka min da shawara. Wani abokina ya dame ni sai na kalli The Office, wai na Amurka ba na Ingila ba, ranar Asabar da na shiga PZ a Zariya na biya wajen masu tura fim aka loda min shi zango 9 cur. To na gama zango na 1, kashi 6 ne kawai, amma wlh dariyar da na yi ba ta taka kara ta karya ba. Wannan manajan nasu Michael in ya buɗe baki ni nake jin kunya kamar ni na yi maganar. Sannan mutanen sun yi yawa, akwai wasu a can baya kullum suna zaune gaban kwamfuta ba uhm ba uhm-uhm, su ma suna da labari ne ko kawai an zuba su ne don kada ofis ya zama wayam? Kuma na ji ƙishin-ƙishin wai shi Michael ɗin barin shirin zai yi, to in jarumi ya tafi me ya rage? Ku faɗa min gaskiya don wayata ta cika, in ba shi da amfani in goge.

Bazazzage_Kwangila:
Wa alaikumus salam. Kada ka goge ɗan'uwa, kowa da ka sani haka ya ji a zangon farko. Dalili shi ne a 2005 da tashar NBC ta Amurka ta fara shi, kusan kwafin na BBC suka yi, wanda Ricky Gervais da Stephen Merchant suka rubuta, har kashi na farko kusan labarin ɗaya ne. Daga zango na 2 ne suka sassauta Michael suka mayar da shi mutum, wawa ne har yanzu amma wawa mai son jama'arsa, kuma a 2006 shirin ya ci kyautar Emmy.

Bari in ɗan warware maka su. Kamfanin sayar da takarda ne, Dunder Mifflin, reshen garin Scranton a jihar Pennsylvania. Michael Scott, wato Steve Carell, shi ne oga, gwanin talla ne na gaske aka ɗaga shi aka ba shi kujerar da ta fi ƙarfinsa, ba shi da mata ba shi da 'ya'ya shi ya sa ya ɗauki ma'aikata tamkar iyalinsa, su kuma ba su roƙe shi ba. Dwight kuwa ai ka gan shi, ɗan kanzagin oga, yana kiran kansa mataimakin manaja ana ta gyara masa cewa mai taimaka wa manaja ne kawai, kai ka ce yaron oga. Yana da gona ta gado inda yake zaune da ɗan'uwansa Mose, kuma duk haukarsa shi ya fi kowa kawo ciniki. Jim shi ne mai tsokanarsa, wanda ya dasa masa sitefila cikin jeli, Pam kuma mai amsa waya a bakin ƙofa wadda aka yi wa baiko da Roy na sito shekara da shekaru ba a sa rana ba.

Amma waɗancan na baya da kake rainawa, wlh su ne gishirin miyar. Kwanar akawu mutum uku ne, Angela mai ɗaure fuska da kyanwowinta, Oscar mai ganin ya fi kowa ilimi, sai Kevin wanda har yau ban gane wanda ya ba shi aikin lissafi ba. Ka jira ranar da zai shigo da ƙatuwar tukunyar wake da nama da ya kwana yana dafawa ta kife masa a kan kafet, na maimaita wurin nan ya fi sau goma. Abin da zai ba ka mamaki, da yawansu marubutan shirin ne, Ryan ɗan wucin gadi, Kelly mai surutu, Toby, har shi Mose ɗin, Michael Schur ne wanda daga baya da shi aka ƙirƙiro shirye-shiryen Parks and Recreation da Brooklyn Nine-Nine.

Maman_Ilham:
Malam Bazazzage ka yi ƙoƙari amma ka wanke Jim da yawa. Ni fa kallo na farko ina sonsa, da na sake kallo ina aiki sai na ga ashe irin mutanen nan ne da ba sa son aikin, ba za su bari ba, kuma ba za su bar mai yi ya yi ba. Mutum ya ɓata wuni guda yana haɗa wa abokin aiki tarko sannan ya juyo ya kalli kyamara yana ɗaga gira wai shi mai hankali. Kuma abin da ya yi wa Karen bai kyauta ba sam, yarinya ta biyo shi tun daga reshen Stamford alhali zuciyarsa na wajen Pam.

Ni tawa Phyllis ce. Ka gan ta shiru-shiru da saƙarta kamar ba za ta iya kashe ƙuda ba, amma in ta yanka maka baƙar magana cikin sanyin murya sai ka kwana kana juyi, duk ofis ɗin da na zauna a garin nan akwai Anti ɗaya irinta. Kuma ita asali ba 'yar wasa ba ce, a ɓangaren tantance 'yan wasa take aiki tana karanta musu layi aka ga ta dace aka ba ta kujera. Mijinta Bob Vance mai sayar da firji ba ya gaisawa da mutum sai ya haɗa da sunan kamfaninsa, sak wani Alhajin Sabon Gari mai raba kati a wajen ɗaurin aure.

Shawara ɗaya dai Ɗan Samaru, kada ka kunna a falo gaban yara ko su Mama, akwai maganganun da ba na gidanmu ba, musamman in Todd Packer ko Meredith suka shigo.

Tsohon_Akawu:
Yara kuna ta maganar soyayya ni kuwa Stanley nake kallo, don ni ne shi. Shekara 27 ina aikin gwamnati, ɗana ne ya saka min shirin a waya lokacin da na yi jinyar ƙafa. Bawan Allah nan a kira taro ya shigo da wasan cike kalmominsa ya duƙa a kai, oga na ta zuba bai ɗago ba, biyar na bugawa ya ɗauki jaka. Rana ɗaya yake fara'a a shekara, ranar da ake raba wani burodi mai gishiri kyauta a ginin. Mu namu ranar shigar alat ce.

Akwai wani kashi a zango na 5 da Dwight ya kunna wuta da gangan wai zai gwada ko sun san hanyar tsira daga gobara, ya toshe ƙofofi, har Stanley ya faɗi da ciwon zuciya. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni saboda mun taɓa yin wani oga da ya kulle get ƙarfe takwas daidai don kama masu latti, ashe makullin na aljihunsa ya wuce Kaduna taro, mu na ciki ba fita na waje ba shiga har azahar.

Toby kuma tausayi yake ba ni. Shi ne mai kula da harkar ma'aikata, daga hedikwata yake karɓar umarni ba daga Michael ba, shi ya sa Michael ya tsane shi ba gaira ba dalili. Duk wanda ya taɓa zama odita a ma'aikata ya san wannan kallon. Sai Creed, tsoho ne da ba wanda ya san takamaiman aikinsa har shi kansa, amma albashi na shiga. Ba sai na ce komai ba, kowa ya san nasu. Kuma shi ɗan wasan ma sunan da aka san shi da shi ke nan, tsohon mawaƙi ne.

Kongo_Lauya:
Baba Allah ya ƙara lafiya, labarin get ɗin nan ya fi fim ɗin ma. Amma ba wanda ya amsa masa tambayar ƙarshe. Eh Michael ya tafi a zango na 7, shekarar 2011, kuma ni a ganina nan ya kamata su rufe shago. An kawo Will Ferrell na ɗan lokaci, aka ba Andy kujerar, aka kawo James Spader a matsayin Robert California, duk dai kamar shayi ba siga. Andy ma da ya shigo a zango na 3 yana ta alfahari da jami'ar Cornell ya fi daɗi kafin a ɗora masa manaja. Na Ingila kashi 12 ne da na Kirsimeti 2 suka tsaya da mutuncinsu, na Amurka sai da suka kai 201.

Bazazzage_Kwangila:
Barista ban yarda duka ba. Zango na 8 kam ya yi rauni ba musu, amma da sun tsaya a na 7 ina za ka ga ƙarshen Dwight da Angela, ko na Darryl da ya taso daga sito ya hau sama? Kashi na ƙarshe a 2013 ni dai sai da idona ya ciko, kuma akwai baƙon da ya zo wajen biki wanda...

Ɗan_Samaru:
Haba Malam tsaya nan, kun gama ɓata min rabin labarin, yanzu na san Karen tun kafin in gan ta. Na dai fasa gogewa, hotunan bikin abokina na kwashe zuwa flash. Yanzu haka ina kashi na farko a zango na 2 inda Michael ke raba kyaututtuka a gidan abinci, kuma Baba gaskiyarka, mai kula da rajista a wajen aikinmu Stanley ne sak har gilashin da ke saƙale a wuya.

Maman_Ilham:
In ka kai inda Michael da budurwarsa Jan suka gayyaci mutane cin abincin dare a gidansu a zango na 4 ka dawo ka ba mu labari, za mu ga ko kunyar da ka ji a baya kunya ce.