Kamfanin Wuta Na Birni: Wa Ke Tatsa, Wa Ke Kiwo?

Baba Mai Fitila:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yau batun birnin da ya mallaki kamfanin lantarkinsa za mu taɓa. Amsa-amo "ta". Bismillah.

Da sunan Allah nake buɗe baiti,
A kan birnin da ke da kamfanin wuta.

Ba na wani attajiri ba ne shi,
Na talakan da ke biya ne, mai mita.

Magajin gari ke naɗa shugabanni,
Iyakar farashi kansiloli ke shata.

Da kasafi ya gaza sai a leƙa asusunsa,
A kwashe, baɗi ma a maimaita.

Saniya ce ana tatsa ba a ba ta dusa,
Ran da ta faɗi, wa za a hukunta?

Hajiya 'Yar Kasafi:
Baba, a gafarce ni, yau 'yarka za ta ja da kai.

Baba ka faɗi rabi ka rufe rabi,
Bari in ɗauko sauran in karanta.

Da kamfanin nan na ɗan kasuwa ne,
Haraji zai biya, ba zaman kyauta.

Riba kuma ta bi masu hannun jari,
Wasu ko sunan garin ba sa iya furta.

San Antonio ta sayi nata a 1942,
Can Texas, har yau yana hannunta.

Kashi 14 cikin 100 na kuɗin shiga,
Shi ne iyakar rabon da aka rubuta.

Yana shiga baitulmalin birni,
'Yan kwana-kwana da tituna su rabauta.

Mai abu in ya ci rabonsa a fili,
Wane alƙali zai kira shi sata?

Injiniya Na Bakin Layi:
Hajiya, lissafinki ya fita. Amma ki sauko daga ofis ki ga abin da muke gani.

Rabon da aka rubuta ban ƙi shi ba,
Wanda ba a rubuta ba shi ke cuta.

Shekarar zaɓe ba mai ƙara farashi,
Ko tsadar waya da mai ta tsananta.

Sai a ce gyara ya jira baɗi,
Baɗi ta zo, takardar ma an manta.

Taransifoma ba ta san ranar zaɓe ba,
Lodi ya fi ƙarfinta sai ta kwanta.

Ofisoshin birni su sha wuta ba biya,
Mai yanke waya bai isa ya kusanta.

In an tashi neman bashin gina tasha,
Masu lamuni sai sun bi littafi sun bita.

Su ga asusun kowa na sa hannu,
Su ƙara ruwa, talaka ya ƙuntata.

Dubi Johannesburg da kamfaninta City Power,
A hannun Eskom, kamfanin wutar ƙasa, take sarin wutarta.

Bashi ya taru, a 2024 Eskom,
Ta ba da sanarwar za ta katse mata.

Alhaji Sai Riba:
To in haka ne me ake jira?
A sayar wa mai jari kowa ya huta.

Ɗan kasuwa ba ya wasa da kayansa,
Kansila kuwa kayan ba nasa ba ne.

Baba Mai Fitila:
Alhaji, baitinka na biyu ya saki amsa-amo, kamar yadda hujjar ta saki hanya. Ga Cleveland ta Amurka, da kamfanin wutarta Muny Light.

A 1978 bankuna suka matsa wa Cleveland,
A sayar da Muny Light, bashi a sabunta.

Kucinich, magajin gari, ya ce a'a,
Birnin ya gaza biya, duniya ta zarge ta.

Mazauna suka jefa ƙuri'a kada a sayar,
Shi kuwa a zaɓen 1979 ya fita.

Sai 1998 majalisar birnin ta karrama shi,
Kan ƙin sayarwar da a da aka ɓata.

Hamburg ta Jamus ta saki layukanta,
A 2013 jama'a suka ce a sayo mata.

Da ƙyar aka ci, kashi 50.9,
Amma Vattenfall, kamfanin da ke riƙe da su, dole ya sallama mata.

Injiniya Na Bakin Layi:
Ni ban ce a sayar ba, Alhaji kada ka jingina da ni.

A ware kuɗin gyara tun kafin rabo,
Abin da ya saura birni ya ɗiba ya wadata.

A kafa hukumar da ta san aikin,
Wa'adinta ya wuce zaɓe, kar a girgiza ta.

Littafi a buɗe shi duk shekara,
Daga waje za a kawo odita.

Hajiya 'Yar Kasafi:
Odita na yarda. Hukumar ce ban gamsu ba, Injiniya.

Kansila in ya ɓata ina da ƙuri'a,
Ranar zaɓe da yatsana zan rama ta.

Hukumarka da ba ni na zaɓa ba,
In ta ninka farashi, wa zai tsige ta?

Baba Mai Fitila:
Injiniya, an jefo maka. Alhaji, kai kuma ka gyara baitin nan kafin ka dawo.