“Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi”: har da bayan ɗuƙushi?

Na Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum. Ina neman haske daga manya a kan wata karin magana. Baffana ya sayo ɗuƙushi daga wajen Mai'aduwa, bai cika shekara 2 ba, ya damƙa mani kiwonsa. So yake a ɗaura mashi sirdi yanzu in riƙa kilisa da shi, don ya hau shi ranar Hawan Bariki in Allah ya kai mu Babbar Sallah. Da na ce ina ganin ya yi ƙanƙanta, sai ya ce mani, “Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Na ja bakina na yi shiru, tunda ba a ja-in-ja da uba. Amma nan ne muhallin wannan magana kuwa?

Malamar Hausa:
Wa'alaikumus salam. Yadda muka tashi muka ji, a kan tarbiyya ake faɗin ta. Yaron da ba a kwaɓa ba yana ƙarami, in ya girma sai dai addu'a, don busasshen icce in ka matsa mashi karyewa zai yi. Doki ma ana yi mashi tarbiyya, saboda haka Baffanka bai kauce gaba ɗaya ba. Sauran bayani na masu barga ne.

Dattijon Barga:
Ɗana, maganar Baffanka gaskiya ce, wurin da ya aza ta ne ba nata ba. Abu biyu ne ɗanye a jikin ɗuƙushi, halinsa da ƙashinsa. Halin shi ake tanƙwarawa yanzu, kuma in ka yi sakaci da shi ka makara. Ya saba da ragama, ya bi ka in ka ja shi, ya tsaya a turke ba fizge-fizge, ya ba ka ƙafa ka duba kofato. Ka riƙa shafa mashi ciki daidai inda majayi, ɗamarar da ke ɗaure sirdi, zai zauna har ya daina zabura. Ya ji ganga, ya ji algaita, ya ga babur ya wuce ta gabansa. Wannan kaɗai aikin watanni ne.

Ƙashi kuwa, abin da masu jawo karin maganar ke mantawa shi ne, iccen da aka tanƙwara yana ɗanye a tanƙware yake bushewa. Na sha ganin doki kyakkyawa, ƙirji ya cika, wuya ya yi kyau, amma ka cire sirdi ka tarar bayan ya lotsa, kana taɓa wurin ya duƙa. In ka bincika za ka ji tun yana ƙarami ƙato ke hawansa.

Buɗe bakinsa ka duba. Haƙoran nono na gaba, na tsakiya, wajen shekara 2 da rabi suke faɗuwa, na kusa da su 3 da rabi, na gefe 4 da rabi, baki ya cika a shekara 5. Naka ko famfara bai fara ba.

Mai Ƙwallon Doki:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. A Ingila dawakin sukuwa suna shiga gasa tun suna shekara 2. Mu nan ma an sha hawan ɗan shekara 2, ya rayu ya yi aiki. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne wanda aka ɗaure a turke yana cin harawa da dusa har ya shekara 4 ba mai taɓa shi, ya zama ingarma mai cizo da harbi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Garin nan namu na Katsina tun da Sarki Muhammadu Dikko ya kawo ƙwallon doki, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna da ita har ƙasashen waje, an san mu da dokin da ke juyawa da tsayawa da zarar an taɓa shi. Irin wannan laushin ba ya samuwa ga dokin da aka fara a makare.

Ɗalibin Likitancin Dabbobi:
Yaya, gaskiya ne suna gasa a shekara 2, amma dubi wanda ke kai. Mahayan sukuwar can nauyinsu kilo 50 da 'yan kai ne, sirdin ɗan mitsitsi, gudun na minti ɗaya ko biyu. Namu sirdin katako ne, ga jalala, wato shimfiɗar bayan doki, ga kayan ado, ga magidanci da rawani da babbar riga, a wuni ana tsaye cikin rana. Sannan ƙashin doki daga ƙasa yake fara ƙosawa ya yi sama. Na gwiwa yana haɗewa wajen shekara 2, na gadon baya shi ne na ƙarshe, sai shekara 5 zuwa 6. Kuma ko ba kowa a kansa, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki a ƙafafun gaba yake. Mahayi na zama ya ƙara masu kaya, sai dokin ya koyi turo ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa su karɓi rabonsu.

Mutumin Daura:
Wannan na ƙarshen shi ne sirrin, kuma ba a sayen shi da kaimi. Yadda muka ga iyayenmu suna yi, jalala kaɗai ake fara aza mashi a zagaya da shi. Daga baya sirdi ba mahayi, majayi a ɗaure shi kaɗan-kaɗan, a ja shi kusa da tsohon doki mai sanyi. In lokaci ya yi, yaro mara nauyi ya fara kwantawa a kai da ciki kafin ya zauna, wani na riƙe da ragama. Sai tafiya miƙe, a tsaya, a tashi, a tsaya. Sai zagaye mai faɗi, dama da hagu, don kowane doki yana da gefen da ya fi mashi tauri, kuma gefen nan shi ya fi buƙatar aiki. Yashin rafi da rani da ɗan tudu mara tsawo suna gina cinya, amma kaɗan, don yashi mai zurfi yana gajiyar da jijiya.

Abin da ke sosa mani rai, samari kan ga ɗuƙushi yana rugawa da su yana danna baki a linzami, su ce ai zafi gare shi. Ba zafi ba ne, faɗuwa gaba yake yi yana bin nauyinsa da gudu. Sai su finciko linzamin nan namu mai zobe, kai ya yi sama, baya ya lanƙwashe, baki ya fashe. A Sallar Gani da Hawan Magajiya, tsaya ka kalli masu jafi. Dokin da ya horu, in aka zame shi, gindinsa ne ke sauka, kamazuru, wato igiyar linzami, sako-sako a hannun mahayi. Wanda aka gaggauta kuwa baki buɗe, kumfa da jini.

Malamar Hausa:
To ashe karin maganar Mai Ƙwallo ma tana tare da Baba. Fafe gora shiri ne, shi ake cewa a yi da wuri, ba a ce a kama hanya da wuri ba. Kai kuma ɗana, kada ka je ka mayar wa Baffanka karin magana da karin magana, zai ji kamar gasa kake da shi. Nemi wani sa'ansa da ya san doki su zauna.

Na Ƙofar Sauri:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, to bana me zan ce mashi a kan hawan? Ya riga ya ɗinka kaya.

Dattijon Barga:
Ya hau wani, ko aro ne. Ɗuƙushin kuma ku ja shi da ragama zuwa bakin fili, nesa da turmutsutsu, ya ji tambari da ƙarar bindiga, in ya natsu ku maida shi gida. Yaro mara nauyi ya fara hawansa in ya kai 3. Cikakken kayan hawa, ni sai ya cika baki.

Mai Ƙwallon Doki:
A kan 3 mun haɗu, Baba. Cika baki ne nake ganin ya yi nisa, ɗan shekara 4 da aka yi wa aiki yadda Mutumin Daura ya faɗa zai iya hawan safe. Kai kuma ƙanena, kafin ranar ka sa a duba sirdin da za a fara aza mashi. In na babban doki ne zai sauka a kan ƙashin kafaɗarsa ya yi mashi miki.