Tun da muka ƙara wa foklif tsawon yatsu, bayansa ke ɗagawa

Mai Sito, Jega:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin foklif, wato injin ɗaga kaya mai yatsun ƙarfe biyu a gaba, don abin nan ya hana ni sakat.

Muna da sito a nan Jega, muna ajiye takin zamani, bayan girbi kuma shanshera. Bara muka sayo foklif na hannu daga Legas, Toyota mai shan dizal, tan 3 aka ce mana, haka kuma aka rubuta a jikinsa. Falet (katakon da ake jera buhuna a kai) mai buhu 40 na yuriya, wato tan 2, yana ɗaukarsa kamar wasa.

Matsalarmu fili. Harabar ba ta da faɗi, in tirela ta shigo sai ta jingina da katanga, ta gefe ɗaya kawai muke iya sauke kaya. Yatsun foklif ɗin mita 1.2 ne, layin farko suke kamawa, ba sa kai wa falet ɗin da ke can ɗaya gefen. Sai wani mai walda ya ƙera mana kube biyu na ƙarfe, kowanne mita 2.4, ana zura su a kan yatsun. Yanzu suna kaiwa. Amma da zarar an ɗaga falet na can ciki, sai tayoyin baya su bar ƙasa, direba ya ce sitiyari ya zama holoƙo a hannunsa. Shawararsa ita ce mu ɗaure bulo ko buhunan yashi a baya. Jiya ma na iske yara biyu zaune a kan ƙarfen nauyin da ke bayan injin, wai suna danne shi. Na sauke su, amma aikin ya tsaya.

Shin ƙarin nauyin zai yi? Kilo nawa ya kamata? Sannan an fara kawo mana manyan buhunan nan masu tan ɗaya, ina so a yi mana ƙugiya ta ɗaukarsu. Allah ya saka da alheri.

Injiniya, Gusau:

Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah a cire kuben nan yau, kafin a ci gaba da kowace magana. Bulo kuwa kada a ɗaura ko guda.

Je ka duba ɗan farantin ƙarfen da ke manne kusa da kujerar direba. Za ka ga 3000 kg, a gefensa kuma wata lamba, galibi 500 mm a irin naku. Wannan ta biyun ita mutane ke tsallakewa. Ma'anarta tan 3 ɗin na nan ne muddin tsakiyar nauyin kaya bai wuce santimita 50 daga gindin yatsu ba. Ɗauki bokiti cike da ruwa a jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka ji abin da injin ke ji. Tayoyin gaba su ne madogara, kaya na ja ta gaba, ƙarfen baya na riƙewa.

Bari mu yi lissafin da kayanka. Daga tsakiyar tayar gaba zuwa gindin yatsu, a mai tan 3, wajen santimita 50 ne, ka auna naka ka gani. Haɗa da 50 ɗin faranti, 100 ke nan. 3000 sau 100 ya ba da 300,000, iyakar abin da ƙarfen baya zai riƙe ke nan. Falet ɗinka na can ciki, akwai gurbin layin farko mita 1.2, ga rabin falet ɗin kansa santimita 60, tsakiyarsa na kan 180. Ƙara 50, ya zama 230. Raba 300,000 da 230, ka samu kilo 1,300 da 'yan kai, ba mu ma cire nauyin kuben ba. Ku kuma 2,000 kuke ɗora masa. Su yatsun kansu lissafinsu ya fi haka tsanani, don su daga gindinsu ake aunawa: 3000 sau 50 a raba da 180, bai kai kilo 850 ba.

Ɗagawar bayan nan kashedi ne injin ke yi muku. In kun danne shi da bulo, bayan zai zauna, nauyin kuma bai tafi ko'ina ba, zai koma kan gindin yatsu, da sarƙa, da tsanin da yatsun ke hawa a kai, da sandar da ke riƙe tayoyin gaba. Waɗannan ba sa ɗagawa su nuna maka, karyewa suke yi lokaci guda, kuma galibi akwai ɗan dako a tsaye kusa.

Shi kuben ma ya wuce ƙa'ida. Ba a son ya zarce tsawon yatsa da rabinsa, wato yatsa mai mita 1.2 iyakarsa 1.8, don kashi biyu cikin uku na kuben ya samu yatsa a cikinsa. Naku rabinsa fanko ne. Na kamfani yana zuwa da sakata da ke kama shi ta bayan dunduniyar yatsa, wato inda ya lanƙwashe, an kuma buga masa nauyin da zai iya. Ban raina mai walda ba, sana'arsa daban, amma tambaye shi kilo nawa kubensa ke ɗauka a kan santimita 180, ka ji abin da zai ce.

A Amurka doka ce, ba a maƙala wa foklif abin da zai taɓa ƙarfin ɗaukarsa sai da izinin kamfanin da ya ƙera shi a rubuce, a kuma canza farantin. Mu ma muna da Dokar Masana'antu, da ƙa'idojin 2018 kan kayan ɗaga nauyi a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko da yake ba kowane sito masu dubawa ke leƙawa ba.

Mafita mai arha: a sauke layin farko, tirela ta fita ta juyo, a sauke na biyu. Direbobi za su yi ƙorafi, a ba su na goro. In hanyar ba ta juyuwa, a ɗora ƙaramin jak ɗin falet da ake ja da hannu a kan tirelar a riƙa matso da kayan bakin gefen da ake saukewa, in dai daɓenta ba ya da ramuka.

Tsohon Direba, Argungu:

Injiniya ya gama magana kan lissafi. Abu ɗaya zan sassauta: kube ba haramun ba ne. Na yi aiki da shi a injin casar shinkafa, muna kwasar buhunan ɓuntu, kaya mai girma marar nauyi. Nan ne wurinsa. Ana saka shi ne don kada dogon kaya ya rinjaya ta gaba, ba don a miƙa hannu a ɗauko na nesa ba. Kuma ko da shi, ba a ɗauka da baki.

Batun babban buhu, Alhaji, shi na fi jin tsoro. Kaya a kan falet zaune yake, wanda aka rataya kuwa lilo yake yi. Ka taka birki ya yi gaba, ka sha kwana ya yi gefe, ya ja injin ya bi shi. Harabar da ba siminti, ga jar ƙasa da ruwan damina ya zaizaye, rami kaɗan ya isa. A nemi firam mai ƙugiya huɗu wanda yatsu ke shiga cikinsa, a ɗaure shi da sarƙa a jikin injin don kada ya zame, hannuwan buhun huɗu duka a rataye su. Buhu ɗaya, ƙasa-ƙasa, tsanin a ɗan kwantar da shi baya, tafiya kamar ta mai ƙafa. In kun zura hannuwan buhun kai tsaye a yatsu, ku shafa gefen yatsun tukuna, in ya yi kaifi yanka igiyar zai yi. Mai ratayawa ya gama ya matsa, sai direba ya gan shi da idonsa kafin ya taɓa liba.

Ka gaya wa direbanka, ƙanena ne a sana'a: a gangara kaya na kallon sama kullum, hawa da gaba, sauka da baya. Ya ɗaura bel. In ya ji injin zai kife kada ya yi tsalle, ya riƙe sitiyari, ya dafe ƙafa, ya karkata ɗaya gefen. Rumfar ƙarfen nan ita ke danne masu tsalle.

Mai Sito, Jega:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. An cire kuben, mun gwada juya tirela da safen nan, ta juyu, sai dai mun ɗan tare hanya. Wata tambayar, Injiniya. Wani a Kano ya ce yana da abin nan da ke gusar da yatsu dama da hagu, na hannu, da araha. Zai taimaka mana wurin jera kaya a jikin bango. Bakanikenmu na iya ɗaurawa?

Injiniya, Gusau:

Yana iya, in ya san haidirolik, ba bakaniken mota kawai ba. Amma kada ka tura kuɗi sai ka auna. Allon da yatsu ke rataye a kai aji-aji ne. Daga saman sandar sama zuwa ƙasan ta ƙasa, aji na 2 milimita 407 ne, na injin da bai wuce tan biyu da rabi ba. Aji na 3 kuma 508, nan mai tan 3 yake. Na aji 2 sun fi yawa a hannun masu sayarwa, shi ya sa arahar ta sa ni tambaya. In bai hau ba, wani zai ce a ɗan yanka a ɗan yi walda. A'a.

Sannan duba libobin da ke gaban direba. Biyu ne, ta ɗagawa da ta kwantarwa, ko akwai ta uku? In babu, sai an ƙara bawul da tiyo biyu da za su bi tsanin, kuma kuɗin wannan na iya kamo na abin kansa.

Ranar ɗaurawa, a wuri mai daɓe, a ja birkin hannu, a sauke komai ƙasa, a kashe injin, a kaɗa libobin gaba da baya har matsin man ya fita, sannan a kwance tiyo. Bakin tiyon a toshe shi, ƙurar hunturu in ta shiga mai famfon take ci. Ƙugiyoyin sama su zauna daram a sandarsu, haƙorin tsakiya ya faɗa gurbinsa, ƙugiyoyin ƙasa a ɗaure notinsu yadda takardar abin ta ce. Na ƙasan nan su ake yi wa sakaci, su ne kuma ke hana shi tsallewa ya fice in bakin yatsa ya daki wani abu. Bayan nan a kai tsanin ƙarshe a dawo da shi ba kaya, ana kallon tiyo kada ya maƙale ko ya goga. In ana neman yoyo, kwali ake karawa. Man da ke fita ta ƙaramar huda yana ratsa fata, ciwon kamar tsinin allura, amma aikin tiyata ne a ranar, ba a kwana da shi.

Shi ma yana rage ƙarfi, ga nauyinsa, ga kaurinsa da ke tura kaya gaba da 'yan santimita. Falet ɗinka na tan 2 a gindin yatsu zai tsira, amma sai an sake lissafi an buga sabon faranti ta hannun wakilin kamfanin. Direba kuma ya riƙa maido da shi tsakiya kafin ya yi tafiya ko ya ɗaga sama.

Tun da yatsun nan sun sha nauyin da ya fi ƙarfinsu, a cire su a wanke a duba dunduniya da ƙugiyoyinsu ko akwai tsaga, a ga ko bakin ɗaya ya sunkuya ya bar ɗan uwansa. A auna kaurin kwancen yatsa kusa da dunduniya, a gwada da na tsayen da ba ya gogar ƙasa. In ya ci kashi 10 cikin ɗari, ƙarfinsa ya ragu da kashi 20, a canza su duka biyu. Ba a yi musu walda, ba a gasa su a miƙe, ba a huda su, don ƙarfe ne da aka dafa.

Turo hoton farantin da awon allon, tare da hoton farantin na Kanon, in duba maka ko za su haɗu.