Wai sikanin sauti (ultrasound) ya isa ya nuna zurfin kansar maɗaciya?

Mai sikanin: Abin nan ya fara isata. Mu rubuta cewa kansar maɗaciya ba ta keta bango ba, likitocin fiɗa su ture takardar su nemi CT, wato hoton X-ray da kwamfuta ke haɗawa yanka-yanka. In mara lafiya ya yi awa 6 zuwa 8 bai ci komai ba, maɗaciya ta cika, bangon na fitowa shimfiɗa biyu: ta ciki mai duhu, ta waje mai haske. Muddin mai hasken ba ta yanke ba, ciwon bai shiga hanta ba. Sikanin ya isa.

Likitan fiɗa: "Ya isa" fa ka ce, Malam? Mai duhun nan ta dunƙule fatar cikin maɗaciya da tsokar bangonta da wani sashe na naman bayan tsoka. A matakin T1a, da ciwon bai kai tsokar ba, cire maɗaciya kawai ake yi. Daga matakin T1b, da ciwon ya kai tsokar, sai an haɗa da yankin hantar da take kwance a kai, da kaluluwar kewaye. Ta ina za ka raba min su?

Wani mai sikanin: Dakta ne, ba Malam ba. Da raini ka fara.

Likitar ciki: Wane sikanin ma tukuna? Na kan fata, iskar hanji da kitse na rufe shi, tsakuwar maɗaciya kuma ta jefa inuwa a kan bangon da ake son gani. EUS, wato sikanin da ake zurawa ta baki zuwa farkon hanji, ya fi kusa da maɗaciya.

Mai sikanin: Hajiya, EUS ɗin naku shi ma yana rikicewa tsakanin T1b da T2 marar zurfi, inda ciwon ya ɗan wuce tsokar.

Likitar ciki: Ni ban ce ya isa ba, kai ka ce.

Likitan fiɗa: Ga tsohon kumburi da ke kaurara bango ya wuce milimita 3, har ya manne da hanta kamar cutar kansa. Ku mayar da "ya isa" ta koma "yana taimakawa".

Wani mai sikanin: Taimako? Mu 'yan aikenku ne?

Shugaban zaure: A taƙaice, kowa ya yarda sikanin ne ke fara gano ciwon, masu wuƙa ne kawai ba sa karanta rahoto.

Likitan fiɗa: Ranka ya daɗe, kai ma ai mai sikanin ne. T1b ɗina fa?