Neman kalmar Hausa: me za mu kira HAPE?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ana neman sunan Hausa ga cutar nan ta HAPE (gajeren sunan Turancinta, High Altitude Pulmonary Edema) mai kama masu hawan Kilimanjaro da tsaunukan Himalaya. An kawo shawarar "kumburin huhu na tsauni". Ya zauna?

Likitan Ƙirji: Wa alaikumus salam, Malam. Bai zauna ba. Wanda ya ji kumburin huhu namoniya zai zata, ya ɗauko maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali ba ƙwayar cuta ce ta kawo ta ba. In mutum ya haura mita 2,500 da gaggawa, ƙarancin oksijin kan sa jijiyoyin jinin huhu su tsuke, matsi ya ƙaru a cikinsu, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin huhun. Yawanci kwana 2 zuwa 4 bayan isa take bayyana. Busasshen tari ne farko, sai haki ko mutum na zaune. In ta yi nisa, kaki ya fito da kumfa jaja-jaja, leɓɓa su yi shuɗi. Ni dai "ruwan huhun tsauni" nake gani.

Sista: Dakta, a asibiti da an ce ruwa a huhu, Lasix, maganin fitar da ruwa ta fitsari, hannu zai kai.

Likitan Ƙirji: Shi ya sa ba za a yar da "tsauni" ba, Sista. Zuciyar wannan lafiyarta ƙalau, kuma galibi jikinsa ya riga ya bushe. Lasix sai dai ya faɗar masa da jini.

Jagoran Tsauni: Kuma sunan na nuna maganin: a sauko da shi. Mita 1,000, ko har numfashi ya daidaita, ko da dare ne, kada a jira gari ya waye. Ɗaukarsa ake yi ko a ɗora shi a kan dabba, don wahalar tafiya da sanyi duk ƙara matsin suke yi. A lulluɓe shi, a jingina shi zaune. In akwai oksijin a ba shi har na'urar yatsa mai auna oksijin na jini ta wuce kashi 90. In hanya ta toshe, akwai jakar Gamow, wadda ake hurawa matsin iska ya ƙaru a cikinta kamar an sauko ƙasa: a sa shi ciki a zuge, a yi ta bugun famfon ƙafa ba tsayawa, in aka tsaya gurɓatacciyar iskar numfashinsa za ta taru. Jinkiri kawai take saya, in ya fito ciwon kan dawo.

Sista: In ba oksijin, maganin sassauta jijiyoyin jini nifedipine mai narkewa a hankali, miligiram 30 duk awa 12. Banda mai saurin aiki. In kuma ya fara tangaɗi ko sambatu, ƙwaƙwalwa ta taɓu: maganin rage kumburi dexamethasone miligiram 8, sannan 4 duk awa 6.

Jagoran Tsauni: Kada wani ya ce "tudu", zai tsorata mutanen Jos da Mambila a banza. Chappal Waddi ma, ƙololuwar Najeriya, mita 2,419 ne. Dutsen Kamaru da ya haura 4,000, nan ne ake kiyayewa.

Mai Fassara: Madalla, na ɗauki "ruwan huhun tsauni". Ciwon kai da tashin zuciyar farkon hawa kuwa a bar musu "ciwon tsauni". Saura na ƙwaƙwalwar, Dakta.